RANCEN BAITULMALI GA JAMI'A: IN ALKAWARI YA TASHI, WA ZAI BIYA?

Jawabi domin a karanta a taron ko wane reshe. A karanta shi da ƙarfi, a hankali, saboda 'yan'uwan da ba su yi lakkwal ba.

 

Maganar da muka kawo muku yau maganar kuɗi ce, kuɗin jami'a, watau babbar makarantar da ke fid da likitoci da alƙalai da injiniyoyi da malaman gona. Mun sani wani zai ce a ransa, ina ruwan mai sai da gishiri a kasuwar Madawa da jami'a? Ina ruwan mai awon gero a Tasawa, ko mai lodin albasa a Galmi? To, a yi haƙuri a saurara. Jami'ar gwamnati ba ta da gona, ba ta da kanti. Abin da ta ke ci daga Baitulmali ya ke fitowa, Baitulmali kuwa ba ya haihuwar kuɗi. Kuɗin duwan da a ke karɓa a Ɗan Isa da Ƙwanni da Magarya, da patantin masu shaguna, da harajin TVA na 19 cikin 100 da ke ɓoye cikin kuɗin sabulu da kwano, su a ke tarawa can. Saboda haka duk wanda ya taɓa sayen sabulu yana da bakin magana cikin wannan al'amari.

MENE NE WANNAN RANCE?

Ga yadda abin ya ke tafiya. Wata ƙasa ta waje, ko wani babban banki, ko wata ƙungiya, sai su yi wa jami'a alkawarin gudummawa. Su ce, za mu ba ku kaza ku gina ɗakin gwaje-gwaje, ko ku koyar da ɗalibai kaza, ko ku yi bincike a kan irin gero mai jure fari. A yi biki, a sa hannu a takarda, a faɗa a rediyo. Mai sauraro ya yi tsammani ran nan aka sauke buhunan kuɗi a ƙofar jami'a. Ba haka ba ne. Da yawa daga masu irin wannan gudummawa ba su biya sai bayan an yi aikin. Sai ka kashe, ka kawo rasit, su aiko masu bincike su duba, kana su sako kuɗin kashi kashi.

Ga misali a fili. Cikin 2014 Bankin Duniya ya soma wani shiri na ƙarfafa waɗansu cibiyoyin ilmi a jami'o'in Afirka, aka sake faɗaɗa shi cikin 2019. Cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano ta shiga, haka kuma cibiyar nazarin kiwo ta jami'armu ta Yamai, mai kula da nama da madara da fatu. Ƙa'idar shirin ita ce, galibin kuɗin ba ya fitowa sai an ƙirga sakamako: ɗalibai nawa aka ɗauka, nawa ne mata, nawa ne 'yan ƙasashen maƙwabta, wane bincike aka buga. Sai an tabbatar da lissafin sa'an nan a biya.

Ashe ke nan tsakanin ranar da aka fara aiki da ranar da kuɗi ya iso akwai rata. Tana iya zama wata uku, tana iya zama wata shida, tana iya cin shekara. Cikin wannan rata magini yana son a sallame shi, mai kawo kayan aiki yana buga ƙofa, ɗalibi kuma ba zai jira wata shida kafin ya ci tuwo ba. Sai shugaban jami'a ya ɗauki takardar alkawarin nan ya nufi ministan kuɗi, ya ce, ranka ya daɗe, a ranta mana daga Baitulmali, in kuɗin baƙi ya iso mu mayar. Wannan shi ne abin da a ke kira da Faransanci avance du Trésor. Da Hausa, rance ne bisa alkawarin wani.

Dattawanmu na ƙasar Maradi da ƙasar Damagaram sun san ɗan'uwan wannan tun zamanin gyaɗa. Tsakar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, yaron kamfani ya ba manomi kuɗi, manomi ya biya da gyaɗa in kaka ta yi. In Allah ya ba da ruwa, ya biya har ya rage. In fari ya sauka, sai a sai da akuya, a jinginar da gona. Amma ku lura da bambanci ɗaya. Manomi gonarsa ya ke kallo, ya san abin da ya shuka, ya san ko ya yi noma ko bai yi ba. Ita jami'a abin da ta jingina a kai yana cikin aljihun wani mutum a Paris ko Burusel ko Washinton, mutumin da ba mu zaɓa ba, ba mu kuma iya kiransa gaban alƙali.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Kada a ce babu doka a kan wannan. Akwai. Cikin 2009 ƙasashen da ke cin kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, watau ƙungiyar UEMOA, suka shimfiɗa ƙa'ida ɗaya ta kasafin kuɗi, Nijar kuma ta mayar da ita dokar ƙasa cikin 2012. Ga abin da ƙa'idar ta tsara game da rancen Baitulmali.

Ministan kuɗi ba ya ba da rance ya wuce iyakar da kasafin shekara ya yanka masa. Ko wane mai cin rance, ko ko wane rukuni nasu, a buɗe masa asusu dabam. Rancen yana da ruwa, ruwan kuma ba zai gaza wanda gwamnati ita kanta ke biya ba in ta ci bashi na gajeren lokaci. Wa'adinsa shekara ɗaya, a sabunta sau ɗaya, sai fa in dokar kasafi ta faɗi wani abu dabam. In wa'adi ya cika ba a biya ba, hanya uku ce. Ko a bi mai bashi a karɓa nan da nan. Ko a mayar da rancen bashi mai dogon wa'adi. Ko kuwa a rubuta shi hasara, a ɗebo daga babban kasafin ƙasa a cike gurbin.

To, 'yan'uwa, mu auna hanyoyin nan uku a kan jami'a. Hanya ta fari, a bi ta a karɓa. Me za a karɓa? Za a yi gwanjon allo da kujeru? Abin da za a iya yi kaɗai shi ne a yanke daga kuɗin da gwamnati ke ba ta na shekara mai zuwa, watau daga tukunyar ɗalibai da albashin malamai. Hanya ta biyu, a mai da shi dogon bashi. Makarantar da ba ta ciniki, da me za ta biya bashi da ruwansa? An ɗaga ranar kuka ne kurum. Saura hanya ta uku, a rubuta hasara. Ita ce mafi sauƙi ga masu biro, ita ce kuma ke komowa kan mai sayen sabulu. Ko ta ina aka bi, in baƙo ya janye, ɗan ƙasa ke biya.

INA BAITULMALI KE SAMUN ABIN DA YA KE RANTAWA?

Wani zai ce, ai gwamnati ce ta ranta wa makarantar gwamnati, an fid da kuɗi daga aljihun dama an sa a na hagu, mene ne abin damuwa? Da aljihun dama cike ya ke, da maganar ta yi daidai. A da, babban bankin BCEAO ya kan ranta wa ko wace gwamnati har 20 cikin 100 na harajin da ta tara bara. An rufe wannan ƙofa tun 2003. Daga nan in Baitulmali ya ƙafe, sai ya shiga kasuwa ya ci bashi hannun bankuna, da ruwa. Wani lokaci ma ita gwamnati kanta ke cin rance bisa abin da bai zo ba. Cikin Afrilu 2024 Nijar ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin man fetur na Sin, CNPC, bisa sharaɗin biya da ɗanyen mai cikin wata 12, da ruwa 7 cikin 100.

Bari mu yi lissafi irin na lakkwal. A ce an ranta wa wata jami'a sefa miliyan 500, a ce kuma Baitulmali ya ciwo kuɗin da ruwa 7 cikin 100. In gudummawar ta makara shekara ɗaya, ruwa kaɗai ya kama miliyan 35, watau jikka 35,000. Ba a sayi littafi ko ɗaya da wannan kuɗi ba, ba a aza bulo ko ɗaya ba. Ladan jira ne kurum. Mai gudummawa kuwa abin da ya yi alkawari zai kawo, ba zai ƙara da ladan jiran da ya sa mu ba.

In kuma ba a ci bashi ba, to an sa wani ya jira. Kuɗin da aka miƙa wa jami'a yau kuɗi ne da wani ke sauraro: malamin ƙauye mai kwantaragi da wata ya mutu bai ga albashi ba, ko ɗakin shan magani da ba a kai wa kinin ba, ko ɗan kasuwar da ya kai wa gwamnati buhunan shinkafa ya ke ta sintiri da takarda a hannu. Mu da ke koyarwa a ƙananan makarantu mun san layin nan, mun kuma san ba daga gabansa mu ke tsayawa ba.

ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Ba yau aka fara gina mana makaranta bisa alkawarin baƙo ba. Cikin 1946 Faransa ta kafa asusun da a ke kira FIDES domin gine-gine a ƙasashen da ta mallaka, hanyoyi da asibitoci da makarantu. Aka yi ta buga ganga, wai kyauta ce. Amma kashi ɗaya ne kyauta. Sauran an ɗora wa ƙasashen su kawo, da ya ke kuwa ba su da shi, sai wani bankin gwamnatin Faransa, Caisse Centrale, ya ranta musu. Bayan wannan, FIDES gini ya ke yi ya tafi. Albashin mushe da alli da gyaran rufi, duk na kasafin ƙasa ne, watau na lanhon talaka. Da duk wannan ganga, ranar da muka sami ɗiyauci, 3 ga Agusta 1960, yaranmu da ke lakkwal ba su kai 5 cikin 100 ba, jami'a kuwa babu ko ɗaya a ƙasar.

Mun kuma ga abin da ya sami Gine. Ran 28 ga Satumba 1958 mutanenta suka jefa ƙuri'ar a'a ga De Gaulle. Ba a yi nisa ba Faransa ta kwashe ma'aikatanta, ta tsai da kuɗinta. Tun ran nan ya kamata kowa ya gane gudummawar ƙasa ga ƙasa tana ɗaure da igiyar siyasa, mai igiya kuwa yana ja sa'ad da ya ga dama.

A wancan zamani ɗan ƙasashenmu mai neman ilmi mai zurfi Dakar ya ke zuwa, ko Abijan, ko Faransa. Jami'ar Dakar an kafa ta cikin 1957, Faransa ke ɗauke da mafi yawan nauyinta. Wajen 1967 Faransa ta daina sayen gyaɗar ƙasashenmu bisa farashin alfarma da ta saba, abin da ya taɓa Senegal ya taɓa mu. Ɗalibai suka ƙaru, kuɗin gyaɗa ya ragu. Gwamnatin Senegal ta ratse bursi, watau kuɗin da a ke ba ɗalibi ya ci ya sha: wani a ba shi kashi biyu cikin uku, wani rabi, kuma wata 10 maimakon 12. Cikin Mayu 1968 ɗalibai suka yi yaji. Ran 29 ga wata aka tura askarawa cikin jami'a, 'yan sauran ƙasashe kuma aka sa su jirgi aka mai da kowa gidansu. Wanda ke karatu a gidan wani, ran da rigima ta tashi a gidan shi a ke fara nuna wa ƙofa.

Sai cikin 1971 muka buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a cikin 1973. Tun 1992 ta ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana, wanda aka haifa a Tasawa cikin 1929, ya kuma shugabance ta daga 1979. Shekarunta na fari sun dace da zamanin uraniyom na Arlit. Kuɗi ya shigo, aka yi gine-gine, aka ci bashi bisa zaton farashi zai dawwama. Da shigowar shekarun 1980 farashi ya faɗi. Cikin 1983 gwamnati ta nufi asusun IMF, daga baya Bankin Duniya, su kuwa suka ba da kuɗi da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, har da na jami'a da bursi. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito maci, a gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka mutu bisa lissafin hukuma. Allah ya ji ƙansu. Shekarun da suka biyo baya ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi wata da watanni, aka yi shekarun karatu da suka tafi a banza. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da kayan gwaji da a ke sayowa waje suka ninka kuɗi.

Yau nauyin ya fi na da. Cikin 2010 aka kafa jami'o'in Maradi da Tawa da Damagaram, cikin 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Abin farin ciki ne ɗan Dakwaro ya yi karatu a Maradi ba sai ya ƙetara kogi ba. Amma tukunya takwas ke nan bisa murhu ɗaya. Ran 10 ga Afrilu 2017 an sake rasa ran ɗalibi a Yamai cikin wata zanga-zanga, jinkirin bursi yana cikin abin da ya fid da su.

Na kusa kusa kuma kowa ya gani da idonsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Tarayyar Turai da Faransa suka tsai da taimakon kasafi cikin 'yan kwanaki, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi, sai cikin 2024 ya komo. Cikin Oktoba 2023 aka rage kasafin shekarar da 40 cikin 100, daga wajen miliyar 3,290 zuwa wajen miliyar 1,980. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan abin da ya faru, lissafin ɗaya ne: takardun alkawari suna nan da sa hannu da hatimi, kuɗi bai zo ba. Kada kuma wani ya ce sai ƙasar da ta yi juyin mulki a ke yi wa haka. Cikin Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da ta ke bayarwa a duniya, daga baya ta rushe hukumar USAID. Jami'o'in Afirka masu ayyukan bincike bisa wannan kuɗi suka wayi gari an yanke, ba su yi laifin kome ba. Zaɓe aka yi a wata ƙasa, shi ke nan.

MAGANA BIYU DA MU KE JI, DA AMSARSU

Akwai 'yan'uwa masu zafin kishi da ke cewa, tun da haka ne, a ƙi kuɗin baƙi ɗungum, a hana rancen nan sam. Muna girmama kishinsu, amma ba mu bi su ba. Ƙasar da ke fama da fari da tamowa da zazzaɓi tana bukatar ɗakin gwaji, kayansa kuwa da tsada. In wani ya kawo gudummawa ta gaskiya, ba tare da ya sa mana takunkumi ba, ƙin karɓa ba jaruntaka ba ce. In kuma takarda ta tabbata, abin da ya rage wata biyu ne ko uku, to barin gini ya tsaya ruwa ya ci shi ya fi rancen hasara. Rance kansa ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin tsoro shi ne rancen da ba a san ranar biyansa ba, ba a kuma san mai biya ba.

Akwai kuma masu cewa, jami'a ta 'ya'yan manya ce, su ƙarata can. Wannan kuskure ne babba. Ɗan babban mutum in jami'ar gida ta rufe, jirgi zai shiga ya tafi Maroko ko Faransa ko Turkiyya. Wanda zai dawo ƙauye da jakarsa, shekara ta tafi a banza, shi ne ɗan manomi da ɗiyar mai tuyar ƙosai, waɗanda ba su da kowa a Yamai sai bursi da gidan abincin ɗalibai. Kuma ran da matarka ta kwanta naƙuda a Gidan Runji ko Matamai, likitan da za ka nema daga wannan makaranta ya fito. In ta lalace, mu ta lalace wa.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga matsayinmu, a taƙaice. Abincin yau da kullum na jami'a ya fito daga gumin ƙasa. Kuɗin baƙo ya zama ƙari. Zanen aro ba ya rufe katara. In kuwa tilas ta sa a yi rance bisa alkawarin baƙo, to a cika sharuɗɗa shida.

Na ɗaya. Kada a ranta bisa jawabin da jakada ya yi a wurin biki. Sai akwai yarjejeniya da aka sa wa hannu, mai faɗin adadi da rana. Rancen kuma kada ya wuce kashin da a ke jira nan gaba kaɗan. Ba a ranta kuɗin shekara biyar gaba ɗaya.

Na biyu. A ranta domin aikin da ke da farko da ƙarshe, kamar gini, ko sayen na'ura, ko bincike mai wa'adi. Albashin malamai da bursi da tukunyar ɗalibai kada a ɗora su bisa alkawarin kowa. Gini in ya tsaya ana iya komo masa baɗi. Ciki ba ya jiran baɗi.

Na uku. A buɗe wa ko wane rance asusunsa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ran da kuɗin baƙo ya sauka, ya wuce kai tsaye ya cike gurbin Baitulmali, kada ya kwana a hannun kowa, kada a ce bari mu ɗan toshe wata ɓaraka da shi tukuna.

Na huɗu. Tun kafin a fid da ko dala, a rubuta wanda zai ɗauki hasara in alkawari ya tashi, da layin kasafin da za a ɗeba. Mun ƙi a ɗeba daga makarantun ƙauye, mun ƙi a ɗeba daga magani. A fara da motocin manya da tafiye-tafiyensu.

Na biyar. Gwamnati ta fara biyan jami'a abin da kasafi ya rubuta mata, a kan kari. In ana riƙe da haƙƙinta na wata uku, sa'an nan a ce an yi mata alheri an ranta mata, har da ruwa, wannan ba rance ba ne. Ba ka ranta wa mutum abin da ya ke binka.

Na shida. A yi kome a fili. Ko wane wata uku a liƙa takarda a ƙofar jami'a da ƙofar ma'aikatar kuɗi: nawa aka ranta, bisa alkawarin wa, yaushe za a biya, nawa aka mayar. A karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Barbarci da Buzanci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya riƙe amana da gaskiya ba ya jin tsoron a ƙirga a gabansa.

AIKIN DA KE KAN KO WANE RESHE

'Yan'uwa, ba mu kawo wannan jawabi domin a tafa a watse ba. Ga abin da mu ke roƙon ko wane kwamiti ya yi kafin taro mai zuwa.

Magatakardan reshe ya rubuta yawan 'ya'yan garinku da ke jami'a, da wadda ko wannensu ke ciki. In sun zo hutu a gayyace su taro, a tambaye su yaushe rabonsu da bursi, wata nawa aka yi ana karatu, wata nawa aka yi ana yaji. A rubuta amsa yadda ta ke, ba ƙari ba ragi, a aiko mana. In muka haɗa na Maradi da na Tawa da na Damagaram da na Yamai, za mu sami lissafin da ba mai iya musunsa.

In kuka ji a rediyo an ce wata ƙasa ta ba jami'a miliyan kaza, kada ku yi saurin guɗa. Ku yi tambaya huɗu. Kyauta ce ko bashi? Ta iso, ko alkawari ne? Wa ke biya kafin ta iso? Wa zai biya in ba ta iso ba? Ku koya wa jama'a tambayoyin nan a kasuwa da majalisa da wurin suna. Duk wani babba da ya zo garinku rangadi, ko wane irin muƙami ya ke riƙe da shi, a tarbe shi da ladabi, a ba shi ruwa ya sha, kana dattijon reshe ya miƙe ya yi masa su.

Mata kuma kada a bar su baya cikin wannan. Su ke riƙe da adashi a ko wace unguwa, sun fi kowa sanin abin da ke faruwa in aka ba mutum kwasa bisa zubin da bai yi ba tukuna. A ba su wuri su yi magana.

Iyayenmu sun yi aikin tilas har aka soke shi cikin 1946. Sun biya lanho na kansu da na dabbobinsu, aka gina makarantun da ba a sa 'ya'yansu ciki ba sai ƙalilan. Ba wanda ya taɓa karanta musu lissafin abin da aka yi da kuɗinsu. Mu da muka gaji ɗiyauci, aƙalla mu nemi a karanta mana namu. Ƙasar da ke ciyar da jami'arta da hannunta ita ke da ikon faɗa mata abin da za ta koyar da abin da za ta bincika.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Wanda ya karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi.